Katangar Don Eleuterio

Lauya Amaurys Cuello ya share gumin wuyansa, ya sake duba agogo. Tun ƙarfe tara yake tsaye a ƙofar gida mai lamba goma sha huɗu a tsohuwar unguwar Santo Domingo, cikin baƙar kwat, rana tana gasa shi kamar kifi.

Kamfanin otal ɗin da yake wa aiki ya saye layin kaf, har da wannan ruɓaɓɓen gida da Don Eleuterio yake haya shekara hamsin. Nan ake son haƙa tafkin ninkaya. Saura mako guda a kawo motar rusau, sai tsohon ya tuna wai katangar bayan gidan ragowar wani gidan ibada ce na shekara ɗari biyar. Idan haka ne, doka ta hana a buga mata ko da ƙusa, kuma ba mai tayar da shi.

A unguwar nan kowa da tarihinsa. Mai sayar da kwakwa ma zai rantse maka cewa wani gwamnan Sifen ya taɓa ɗaure takalmi a kan dutsen da yake zaune. Amma Amaurys bai damu ba. Wata maƙwabciya ta raɗa masa cewa da idonta ta ga ana ɗora katangar bayan guguwar shekarar saba'in da tara.

Don haka shi da kansa ya zaɓo mai binciken, hukuma kuma ta yarda duk abin da ta faɗa ya zauna. Dakta Casilda Lindqvist ce, shekara talatin tana koyarwa a Turai, macen da ta taɓa duban kabarin da gari guda yake alfahari da shi ta ce bai girmi kakarta ba. Ba ta karɓar kyauta, ba ta murmushi. Da ya aika mata adireshin, ko awa ba a yi ba ta amsa. Amaurys ya ce a ransa, ka ga masu aiki irin na Turawa.

Ta sauko daga tasi da ƙaramar jaka. Don Eleuterio ya buɗe ƙofa da singileti, ya dube ta, ya yi saurin kawar da kai.

"Ranka ya daɗe, yau za mu san shekarun katangarka," in ji Amaurys. "Kada dai a tarar na girme ta."

"Lauya, kai da aka haifa jiya da taye a wuya, wa ka girma?"

Dakta ta ratsa tsakaninsu. Ta wuce gaba cikin duhun soron, ta sunkuyar da kai daidai inda wani katako ya sauko. Amaurys da ke biye ya gwara goshi.

Ga katangar a bayan kejin kaji: duwatsun teku masu ramuka, gansakuka ta cinye rabinsu. Dakta ta sa safar hannu, ta kankari ƙasar da ke tsakanin duwatsun, ta shinshina, ta auna, ta rubuta. Minti arba'in ta yi tana wannan aiki. Tsohon ya kawo kofi a ƙananan kofuna, tiren yana rawa a hannunsa. Ya tambayi lauya cokali nawa na sukari. Ita miƙa mata kawai ya yi.

Amaurys ya ga rawar hannun nan, daɗi ya cika shi. Har ya fara tsara saƙon da zai tura wa maigidansa.

A kusurwar hagu Dakta ta daɗe a durƙushe, tafinta a kan wani dutse. Sannan ta miƙe ta cire safar.

"Farkon ƙarni na sha shida," ta ce. "Ba a taɓa ta."

"Dakta, akwai wadda ta ga..."

"Kana da digiri a kan gini, Lauya? Ko maƙwabciyar ce take da shi?"

Ta sa hannu a takardar, ta buga hatimi, ta miƙa masa.

Amaurys ya fita titi. Ya jingina da bango a gindin taga yana neman kalmomin da zai gaya wa maigidansa cewa shi ya biya kuɗin jirgin wadda ta binne tafkin. Tagogin tsofaffin gidajen nan ba gilashi, sai sandunan ƙarfe. Ya ji tsohon yana fyace hanci, sannan ya ji dariyar Dakta, wadda aka ce ba ta murmushi.

"Baba, har yanzu kusurwar da ka bar ni na ɗora ina yarinya a karkace take."