Ƙafa a Likkafa

Doki ya zabura, yarinyar da ke kansa ta zame daga sirdi, ƙafarta ta maƙale a likkafa. Ya shiga janta a ƙasa, kanta na bugun tsakuwa, sauran yaran sansanin hutu suna ta ihu a bayan shinge.

Mai koya musu hawa bai tsaya shawara ba. Ya zunguri tsohuwar goɗiyarsa, wadda ya raina tun tana shan nono, ya gitta ta a gaban dokin. Suka yi karo, ƙashi ya ce ƙas! Malamin ya faɗo ƙasa, ya rarrafa cikin jini, ya yanke igiyar likkafar, ya rungumi yarinyar. Tana numfashi.

Goɗiyar kuwa ta kasa tashi, ƙashin ƙafarta ya huda fata. Ya sa aka kwashe yaran, ya rufe mata ido da hularsa, ya yanka ta da hannunsa.

Yana wanke wuƙar a famfo sai ga yarinyar, kai naɗe da bandeji, da sukari a tafinta.

"Malam, ina goɗiyarka? Ladanta na kawo mata. Gobe ita zan hau."

Ya mayar da hannunsa baya.

"Kawo in ajiye mata, 'yata. Barci take yi."