Ƙafar da ke Jiran Kiɗa

Ke da kike kukan kin yi nisa da gida, wai 'ya'yanki za su tashi ba su ɗauki komai na garinku ba, saurari wannan misali.

An yi wata mata da aure ya ɗauko daga ƙauyensu na bakin gulbi, ya kawo ta wani birni mai nisa. Lokacin 'yammatancinta, duk ranar kasuwa da la'asar in mai kalangu ya zauna ƙarƙashin tsamiya, ita ce ke buɗe fili. Amma tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta sake ɗaga ƙafa da sunan rawa ba. Ina lokacin? Da safe tana bakin kasko tana suyar ƙosai, ga wanki, ga shirya 'yan makaranta. Da rana ta goya auta ta hau kan turmi, in kuwa ta samu ta zauna sai ta jawo kaba ta kama saƙar faifai. Iyayenta sun rasu, ƙawayenta aure ya watsa su, tsamiyar ma an ce an sare ta. Wani lokaci tana tuƙin tuwo sai ta ji kamar kalangu daga nesa, ta tsayar da muciya ta kasa kunne, ashe injin niƙan maƙwabta ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babbar 'yarta, wadda aka haifa a birni, ba ta taɓa taka ƙauyen ba, ko sunan gulbin ba ta iya faɗa daidai.

Ana nan sai yarinyar ta shiga ƙungiyar rawar gargajiya ta makarantarsu. Ƙungiyar ba ta da zannuwa, ba ta da kuɗin ɗauko makaɗi, don haka iyaye mata suka shirya taron gudummawa: yara su yi rawa, kowace uwa ta kawo abin hannunta a sayar. Matar nan ta duƙufa. Ta rina kaba ja da kore, ta saƙa faya-fayai har yatsunta suka yi kanta, ta kirɓa dakuwa, ta ajiye wake na musamman. Sai dai kullum yarinyar ta dawo daga gwaji idonta ja. Malamar rawa ta ce ƙafarta ta hagu makara take yi, kiɗa ya wuce sannan ta taka, tana ɓata layi, kuma in ba ta gyara ba ƙarshen layin baya za a kai ta. Uwar ba ta taɓa zuwa gwajin ba. Ta dai ce, "Ki bi abin da malama ta ce, 'yar nan," ta juya kan murhu don kada a ga fuskarta. Ita da gari guda ya san ƙafarta, ga 'yar cikinta ko taku ɗaya ba ta gada ba. Rannan da ba kowa a gida ta tsaya tsakar gida ta gwada tuno rawar, ba kiɗa, ba tafi, jikin ya tsaya mata kamar na aro.

Ranar taro ta kafa kaskonta can gefen fili, auta a bayanta, faya-fayai a jere kan tabarma. An kuwa kai yarinyar ƙarshen layin baya, wanda shi ne kusa da masu sayar da abinci. Kalangu ya tashi. Uwar ta ɗaga kai ta cikin hayaƙi, sai matsamin ƙosai ya tsaya a hannunta. Yarinyar ta bar kiɗa ya wuce, ta ɗan jira da ƙafar hagu, sannan ta cim masa da juyin kafaɗa. Ai wannan ba makara ba ce. Haka 'yammatan bakin gulbi ke takawa, su ja wa makaɗi rai kafin su ba shi ƙafa. To a ina ta gani? Matar ta sunkuyar da kai tana tunani, sai ta ga tata ƙafar hagun a gefen murhu tana jira, tana takawa, auta kuma na gyaɗa kai a baya daidai da ita. Nan ta tuna turmi. Kullum in ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu, da wannan ƙafar take jira kafin ta cafe. Shekara biyu babbar 'yar tata ta yi a goye a bayanta tana jin wannan jiran a ƙirjinta.

"Maman yara, ƙosanki zai ƙone!" in ji maƙwabciyarta mai kunun aya. Ta ce, "Tsame mini, Yaya." Ta kwance bakin zane ta ciro abin liƙi, ta nufi layin baya. Ba ta yi niyyar rawa ba, amma kafin ta kai, ƙafar ta riga ta. Mutane suka ga mutum biyu na makara wa kiɗa lokaci guda, suna cim masa lokaci guda. Yarinyar ta dubi ƙafar uwarta, ta dubi tata, ta buɗe baki. Uwar ta manna mata kuɗin a goshi, ta daɗe ba ta ɗauke hannunta ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.