Gyaran Muryar Farfesa Lawandi

Tun da doka ta ce na'ura ce za ta riƙa auna hannun likita mai koyon aiki, malamai suka koma 'yan kallo. Kowane likita, har malaman, da fitila a ƙirjinsa: kore ya ci gaba, ja ya ajiye aiki.

Ranar jarrabawar Dakta Zuwaira, malaminta Farfesa Lawandi na zaune a gefe, an hana shi cewa uffan.

"Baba, haɗiye a hankali. Sannu," in ji ta, tana zura bututun kyamara a maƙogwaron wani tsoho.

Ta bi cikinsa lungu-lungu har na'urar ta ce, "Babu matsala. A fito."

Amma ita ta hango wani ɗan tabo fari-fari a bayan wani ninkin nama. Komawa baya kuwa, a wurin na'ura, alamar tantama ce, kuma mai tantama ba ya samun lasisi. Ta fara janyo bututun.

Farfesa ya yi gyaran murya, irin wanda uba ke yi wa 'yarsa a gaban baƙi.

Zuwaira ta tsaya cak. Ta koma, ta tsinko ɗan naman tabon domin gwaji. Sannan ta dubi fitilar ƙirjinta. Kore shar.

Ta waiwaya da murna, sai ta ga Farfesa na ninke farar rigarsa a tsanake, fitilarsa ta yi jawur; na'urar ta ɗora laifin a kan gyaran muryarsa.

"Ki ƙarasa, 'yata," in ji shi. "Yanzu ai ina iya magana."