Taurarin Damagaram

Kwalin ya suɓuce daga saman kabad ya faɗo a kan tayil, Wafa ta ji ƙarar tun ba ta sauko daga kujera ba. Ta buɗe. Taurarin yumɓu, da jinjirin wata, da 'yan tuluna masu girman dabino, duk sun koma tsingaro.

Ta tsaya tana kallo. Ko salati ba ta yi ba, balle kuka. Shekaru ke nan tana juya mahaifiyarta a gado, tana wanke ta, tana ba ta kunu da cokali, har kukan ma ya gaji ya rabu da ita.

Kayan nan kuwa ba abin wasa ba ne a gidansu da ke unguwar Harra ta Yamma, a birnin Manzon Allah. Yaro da babba sun haddace labarin: Kaka Bara'atu ce ta ƙullo su a zani tun daga Damagaram, ta ratsa Chadi da Sudan da ƙafa, ta haye teku, ba ta yarda ko ɗaya ya guntule ba. Duk Ƙaramar Sallah ana rataye su a kurnar tsakar gida. Babu hoto, babu komai. Su kaɗai ke nuna cewa mutanen gidan sun fito daga wani wuri.

Ga azumi ya raba tsakiya. Ga Hajiya Tasallah, mahaifiyar Wafa, likitan asibiti ya sallamo ta ya ce a kai ta gida a kyautata mata, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Abu ɗaya tsohuwar take maimaitawa: "Allah ya nuna mini kayan Innata a kan kurna, ko sau ɗaya ne."

Hamid, ƙanin Wafa, ya leƙa kwalin ya ɗaga kafaɗa. Hausa yana jin ta sarai, amsar ce dai sai da Larabci. "Halas, shi ke nan, ya Wafa. Mu sayo na roba a kasuwar Ƙuba, ai ba ta gani sosai."

Wafa ta rufe kwalin. Idon tsohuwar ne ya yi rauni, hannunta kuwa lafiyarsa lau, kuma sai ta shafa abu take yarda da shi.

Da farko ta sayo yumɓun da 'yan makaranta ke wasa da shi. Ya bushe fari fat kamar alli, ta zubar. Da aka yi ɗan yayyafi sai ta sa Hamid ya kai ta kwarin Aƙiƙ, ta ɗebo laka a bokiti, ta tace, ta kwaɓa, ta gasa gwaji ɗaya a gawayi a saman bene. Ta kara shi da tsingaron. Launi ɗaya, har da 'yan baƙaƙen tsakuwoyin da ke ciki. Wafa ba ta yi mamaki ba. Ta daɗe da daina mamaki.

Kullum bayan Azahar, in tsohuwar ta yi barci, sai ta shimfiɗa tabarma a bakin gadon. Ta murza, ta yanka da wuƙar kicin, ta huda da tsinken sakace. Ba daɗi take ji ba, ba baƙin ciki ba, hannu ne kawai ke aiki.

Matsala ɗaya ta rage. A bayan kowane tauraro na asali akwai shatin babban yatsa, wanda ake nuna wa jikoki a ce na Kaka ne. Wafa ta gwada nata, ya yi faɗi. Na Hamid kam ba a ma maganarsa. Sai ta dubi hannun mahaifiyarta da ke lilo a gefen gado. Ta kama shi a hankali, ta ɗora yatsan a kan tsohon shatin, ya zauna daram. Gadon jini ke nan, in ji ta a ranta. Ta riƙa danna yatsan a ɗanyen yumɓu ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Tsohuwar ba ta ko motsa ba.

Saura tsufa. A waya ta ga yadda ake yi: ta kankare gefuna, ta jiƙa su a baƙin shayi mai kauri, ta shafe da toka da ɗan man zaitun. Ta zare tsofaffin zarurrukan daga cikin tsingaro ta zura wa sababbin. Hamid da ya gani sai da ya ce wallahi shi kansa ba zai bambance ba.

Ranar Sallah, da aka sauko daga idi, Hamid ya turo mahaifiyarsu a keken guragu zuwa gindin kurna. Taurarin suna juyawa a iska. Hajiya Tasallah ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu.

"Ciro mini ɗaya."

Wafa ta ciro ta ba ta. A nan ne ta ji tsoro, karo na farko cikin shekaru. Tsohuwar ta shafa gefen, ta juya bayan, ta sa yatsanta a shatin. Ta kai shi hanci ta shaƙa.

"Shayi kika sa."

"Ummi, ki yafe mini, ni ce na..."

"Ke dai ba ki tambaya," in ji tsohuwar, tana mayar mata da tauraron. "Shayi kafin baɗi ya koɗe. Ruwan goro ake sawa, da shi na rina waɗancan bayan na fasa na Damagaram, kuma har kakarki ta rasu ba ta gane ba."