Ƙafar Da Ta Warke Ta Ƙi Taka Ƙasa

Ilu, sassauta muryarka, ni ce fa na goye ka. Tun da ka shigo kake huci wai 'yarka Barira ta watsa maka ƙasa a ido. Kai kana son ta bi doguwar hanyar karatun likita har ta zama likitar ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, ita kuma ta ce ilimin halayyar ɗan Adam take so, irin na masu zama da mutum su saurare shi har su gano inda abin ya ƙulle. A ganinka wannan hira ce kawai, ba sana'a ba. To, sha ruwa ka ji wani misali.

An yi wani tsohon maɗori mai 'ya'ya biyu maza, duk sun zama magidanta. Babban ya gaji hannun uban. Shekara da shekaru ya yi a gindinsa yana koyon ƙashi da jijiya kafin a bar shi ya taɓa karaya shi kaɗai. Ƙaramin kuwa, da an ja ƙafar mutum ya kurma ihu, shi sai ya kau da kai, ba ya iya kallo. Abin da ya iya bai wuce ya zauna ta wajen kan majinyaci yana jin abin da yake faɗa ba. Tsoho yana son ɗan nan kamar ransa, amma abin na cin sa. Yakan ce a zuciyarsa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan kukan wane gida ya ɗauko?

Ana nan sai aka kawo wani mai hawan dabino ranga-ranga, ya faɗo daga sama, ƙwaurinsa ya karye. Babban ɗa ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashi, ya jera karare ya ɗaure, aikin da ko uban sai da ya jinjina kai. Lokaci ya yi aka kwance, ƙashi ya haɗe sumul. Amma fa mutumin ya ƙi takawa. Da an ce ya miƙe sai gumi ya keto masa, ya ƙanƙame tabarma yana cewa karyewa za ta yi. Ga iyali a gida, ga dabino ya nuna a sama babu mai saukewa. Tsoho ya latsa nan, ya latsa can, yatsunsa suka ce masa ƙafar nan lafiyarta ƙalau. To amma a sana'arsu magana ɗaya aka sani: ƙafar da aka kwance ta ƙi taka ƙasa, ɗorin ne ya goce, sai a sake karyawa a gyara. Ransa ba ya so, wallahi ba ya so, amma bai san wata hanya ba. Ya ce wa babban ya yanko sababbin karare, ya nemo ƙarti masu dannewa.

A nan ne ƙaramin, wanda bai taɓa sa baki a aikin gidan ba, ya durƙusa ya ce, “Baba, a ba ni aron sa tukuna.” Tsoho ya dube shi, ya ga dai ba za a rasa komai ba, ya ɗaga masa hannu. Daga inda yake zaune a zaure yana jin su. Ɗan bai ko kalli ƙafar ba. Tambaya ya yi wadda duk zaman jinyar nan babu wanda ya yi wa bawan Allah: yaya aka yi ka faɗo? Sai magana ta ɓalle wa mutumin. Ashe igiyar hawan ce ta tsinke, kuma tun ranar, duk sa'ad da ya ɗora nauyinsa a kan wani abu, sai ya ji ƙarar tsinkewarta a kunnensa. Ya yi kuka, kukan babban mutum, ɗan kuma bai ce masa namiji ba ya kuka ba, ya bar shi ya yi abinsa. Daga nan suka fara, a hankali. Yau tafin ƙafa a kan rairayi, gobe tsayuwa da dafa kafaɗa, jibi taku zuwa bakin ƙofa, wata rana har gindin dabinon, ya dafa shi kawai su dawo. Ranar da ƙafar ta ɗan kumbura, ƙaramin bai yi karambani ba, ya kira yayansa ya ce wannan naka ne, yayan ya shafa magani ya ɗaure.

Wata safiya tsoho na zaune sai ga sallama. Mai dabino ne, da ƙafafunsa, ɗauke da ƙwarya shaƙe da dabinon da ya hau ya sauke da kansa. Ya rasa gaban wanda zai ajiye ta, sai ya dire ta tsakanin wa da ƙane. Tsoho bai kalli dabinon ba. Ƙafar yake kallo, lafiyayyar ƙafar da saura ƙiris ya sa a karya, har hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Ya tashi ya shiga gida, ya ɗauko buzunsa na biyu, ya shimfiɗa wa ƙaramin a zaure dab da na yayansa.

To ka ji, Ilu. Akwai ciwon da sai an ba shi magani, akwai wanda sai an ba shi kunne, sau da yawa ma a jikin mutum ɗaya suke. Wasu 'ya'yan za su riƙe alƙalamin rubuta maganin, Allah ya taimake su. Taka 'yar kunne Allah ya ba ta, kada ka karya abin da yake lafiya lau don ka gyara shi. Je ka sa mata albarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.