Busasshen Kasko

Ƙarar kasko ce ta tashi Baba daga barcin rana. Kwikwiyona ne a ɗaure, yana lasarsa babu ɗigon ruwa. A Wurno ne, zamanin Turawa. Ni na nace wa Hajo, ɗiyar maharbi, har ta ba ni shi. Amma sannan na fara sallah, ina tsoron yawunsa ya taɓa mini zane, sai na daina kusantarsa.

"Mi ya hana ki ba shi ruwa?" in ji Baba. "Ke kika ɗaure shi, ke Allah zai tambaya."

Ya sa aka kira Hajo. Ta sungumi kwikwiyon, kansa na lilo don ƙishirwa. Har yau in na ɗauki buta sai na tuna maganarta.

"Kullum kina alwala," ta ce, "ko ragowar ruwan ba ki zuba mai ba."