Ranar da Kyanwata Ta Ciji Kawu

Ina yarinya babur ya buge kyanwata a ƙofar gidanmu a Karare, ta koma jan ƙafar baya a ƙasa kamar tsumma. Inna ta ce idan ba za ta sake takawa ba, gara a kai ta bayan gari, da ta yi ta wahala a gabanmu.

Da la'asar ƙanenta ya zo, Kawu, malamin dabbobi a Safana. Ya zauna a tabarma, ya ɗora kyanwar a cinyarsa, ya matse mata yatsan ƙafar da hantsaki. Ƙafar ta janye.

Na ce, "Ta warke!"

Ya ce, "Ke dai uwar gaggawa. Ƙafa takan janye ko da zafin bai isa kai ba. Fuskarta za ki duba."

Ya ƙara matsawa sosai. Na kama hannun rigarsa ina ihu ya sake ta. Sai ta waiwayo da ƙara, ta kafa masa haƙora a babban yatsa.

Ya dubi Inna yana dariya, jini na ɗiga. "Alhamdu lillahi! Yaya, wannan ba ta zuwa bayan gari. Tana ji."

Na ce to yaushe za ta taka, gobe?

"Jijiya kamar gyaɗa take, a ɓoye take aikinta. Ba a tona ta kullum a duba."

Har yau ban iya jira ba, Allah ya sani. Amma idan na ƙagu da abu, muryar Kawu nake ji, sai in cire hannuna daga ƙasa.